Addu'ar kwana tara domin mara lafiya a ƙauyen da Fada ba ya zuwa kullum

Sannu da jinya, ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ka ce ta yi wata uku tana fama da tari da kumburin ƙafa, Fada kuma sau ɗaya yake leƙo ƙauyenku a wata, kuna so ku yi mata novena, wato addu'ar kwana tara, da Rosari, wato addu'ar carbi ta Katolika, amma ba wanda ya san tsarin sosai. Ka kuma ce wani ya kawo muku ruwa a kwalba, wai daga Lourdes, wurin ziyarar ibada na Katolika a Faransa, yana neman kuɗi, har yana cewa a ajiye maganin asibiti sai kwana taran sun cika.

Da wannan na ƙarshen za a fara, domin shi ne mai haɗari. Kada ku ajiye magani ko na yini ɗaya. Babu wata koyarwar Katolika da ta ce shan magani ƙarancin bangaskiya ne. Littafin Sirak sura 38 ya haɗa biyun wuri guda: a yi addu'a, a kuma ba likita wurinsa. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada majinarsa saboda tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen. Maganin wata shida ake sha, wanda ya katse shi yana iya jawo irin da ba ya jin magani. Kumburin ƙafa kuwa yana iya zuwa daga zuciya ko ƙoda, wannan sai likita.

Novena ba ta da wuya. Addu'a ce da ake yi kwana tara a jere da buƙata ɗaya, asalinta zaman da manzanni suka yi tare da Maryamu suna addu'a tsakanin hawan Yesu sama da Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 1:14. Ba ta buƙatar Fada. Katikis, wato malamin koyar da addini na cocinku, ko wata uwa daga Zumuntar Mata Katolika, ko kai kanka, duk kuna iya jagoranta. Ku tsai da lokaci ɗaya ku riƙe shi. A karkara bayan tuwon dare ya fi, an dawo daga gona, an ɗaure dabbobi, yara ba su yi barci ba tukuna.

Carbin Rosari ƙwaya 59 ne: hamsin a rukuni biyar na goma goma, huɗu masu raba rukunan, biyar a jelar da ke ɗauke da gicciye. Tasbahar da ake sayarwa a kasuwa mai 33 ko 99 ba za ta yi ba, lissafi zai rikice. In babu carbi a gidan, a samu igiya mai ƙwari a yi ƙulle-ƙulle, ko a ƙirga da yatsu, goma dai ake nema. Za ka riƙe gicciye ka yi alamar gicciye, ka faɗi "Na ba da gaskiya". A ƙwaya ta farko "Ubanmu", a uku na gaba "A gaishe ki Maryamu" domin bangaskiya da bege da ƙauna, sai "Ɗaukaka ga Uba". A nan ne za ka faɗi buƙatarku a fili, ka ambaci Inna da sunanta na baftisma. Daga nan ka sanar da asiri na farko, wato abin da ya faru a rayuwar Yesu ko Maryamu wanda za a yi tunani a kai, ka yi "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" goma, "Ɗaukaka ga Uba" ɗaya, da gajeriyar addu'ar da ta samo suna daga garin Fatima na Portugal, mai farawa da "Ya Yesuna". Haka har sau biyar, a rufe da "A gaishe ki Sarauniya". Mai jagora yana faɗin rabin farko na kowace addu'a, jama'a su amsa da rabin ƙarshe. Duka bai wuce minti 20 ba.

Asiran suna bin ranaku: na farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske Alhamis. Waɗannan na hasken Fafaroma John Paul na biyu ne ya ƙara su a 2002, shi ya sa tsofaffin littattafan addu'a da ke hannun dattawa ba su da su, kuma nan gardama kan tashi ranar Alhamis. Babu wanda ya yi kuskure, littafin ne ya riga ƙarin.

Abin da ya fi ɓata Rosari shi ne gudu. Mai jagora bai kai ƙarshen rabinsa ba jama'a sun karɓe, kafin ka ankara an gama cikin minti goma ba wanda ya tuna asirin da aka sanar. Kalmomin igiya ce kawai, asirin shi ne gugan da ke ɗebo ruwan. Bayan ka ce, misali, asiri na huɗu, Yesu yana ɗauke da gicciye, ka yi shiru na numfashi uku ko huɗu kafin "Ubanmu". In akwai mai karatu, ya karanta aya ɗaya ko biyu daga Linjila. Na biyu shi ne tara addu'o'i: a yi Rosari, a ɗora carbin Jinƙan Allah, a ɗora waƙa biyar, mara lafiya tana kwance ta gaji ba ta iya cewa a daina. Ita ba sai ta durƙusa ko ta amsa ba, a sa mata carbi a hannu ya isa. Muddin ba a tabbatar da irin tarin ba, kada ku cunkusa mutum goma sha a ɗakinta ku rufe ƙofa. Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, jarirai su zauna nesa kaɗan. Kyandir kuma a kafa shi cikin kwano mai yashi, nesa da zana da gidan sauro.

In wata rana ta kuɓuce, saboda ruwan sama ko an tafi asibiti, novena ba ta lalace ba. A ci gaba washegari. Saƙonnin nan da ke yawo a WhatsApp masu cewa wannan addu'a ba ta taɓa faɗuwa ba, a tura wa mutum tara ko masifa ta biyo baya, camfi ne. Katikizim na Ikilisiya, a lamba 2111, ya kira shi camfi idan aka jingina ƙarfin addu'a ga cika lissafinta kawai ba tare da halin zuciya ba. Haka zancen sikafula, wato ƙananan ƙyallaye biyu haɗe da zare da ake ratayawa a wuya, da mindar Maryamu yake. A ƙasarmu da aka saba da laya, nan da nan ake mayar da su laya, a ɗaura wa yaro a ƙugu a ce maciji ba zai sare shi ba. Alamar keɓe kai ga addu'a ce, kuma Fada ne yake sa wa mutum sikafula a karon farko. In ta tsufa a ƙone ta ko a binne, ba a jefa ta a juji.

Ruwan Lourdes ruwan marmaro ne a kudancin Faransa, kyauta ake ɗiba a famfunan wurin, kuma an gwada shi tun 1858 aka ga ruwan sha ne kamar kowane. Wanda ya sa masa farashi da alkawarin warkarwa kasuwancinsa yake yi, ba ku ma da hanyar sanin inda ya cika kwalbar. Abin da ke hannunku shi ne ruwa mai tsarki. Ku kai ruwan burtsatse a kwalba mai murfi ranar da Fada ya zo, shi ko dikon, wanda aka naɗa a matakin ƙasa da Fada, ne ke sa masa albarka, ba katikis ba, kuma ba a biya. Yayyafawa ake yi, ko a tsoma yatsa a yi alamar gicciye a goshi. Ruwan da ya yi watanni a jarka, hannaye na shiga, kada a ba jariri ya sha, kada a ɗiga a ido ko a gyambo. In ya canza launi a zuba shi a gindin bishiya a karɓo sabo.

Abin da ya fi novena da ruwan duka, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne Shafewar marasa lafiya. Sakramenti ne, tushensa Yaƙub 5:14-15, Fada kaɗai ke bayarwa, da man da Bishop ya sa wa albarka a Mako Mai Tsarki. Mutane suna tsoronsa, suna ganin kiran Fada kiran mutuwa ne, sai a jira har mara lafiya ta daina magana, a lokacin ba furta zunubi, ba karɓar Jikin Kristi. Duk mai ciwo mai tsanani, ko tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko wanda za a yi wa babbar tiyata, ya cancanta, ana kuma maimaitawa in ciwon ya ƙaru. Kada ku jira ranar zagayensa, katikis ya kira shi a waya. Ku shirya ƙaramin tebur ko kujera da farin ƙyalle, gicciye, kyandir da kofin ruwa. Ku fita ku bar su in za ta furta zunubi, sannan ku dawo. Zai shafa mata man a goshi da tafin hannu. Azumin awa ɗaya kafin karɓar Jikin Kristi bai hau kan mara lafiya ba. Kuna iya neman a yi Misa dominta, rashin abin baiko kuma ba ya hanawa.

Mu'ujiza kuwa, Ikilisiya ta gaskata da ita, amma ba ta da gaggawar shelarta. A Lourdes, inda Maryamu ta bayyana ga wata yarinya mai suna Bernadette sau 18 a 1858, akwai ofishin likitoci tun 1883. An kai masa rahoton warkewa sama da 7,000, waɗanda aka amince mu'ujiza ce ba su kai 100 ba. Sai an tabbatar ciwon mai tsanani ne, likita ya gano shi da shaida a rubuce, warkewar ta zo farat ɗaya, cikakkiya ce, ta daɗe ba ta koma ba, kuma maganin da aka sha bai isa ya bayyana ta ba. Bayyanar Maryamu a Fatima ta 1917, wadda babban cocin dayosis ɗinmu a Kano ke ɗauke da sunanta, sai 1930 Bishop na wurin ya amince da ita. Ta Kibeho a Ruwanda ta fara a 1981, amincewa ta zo a 2001. Bernadette kanta da asma ta rayu, ta rasu a 1879 tana da shekara 35. Francisco da Jacinta, biyu daga cikin waɗanda Maryamu ta bayyana gare su a Fatima, annobar mura ce ta ɗauke su suna yara, a 1919 da 1920. Wannan ya isa amsa ga duk wanda zai ce muku in Inna ba ta tashi ba, bangaskiyarku ce ta gaza.

In ta samu sauƙi, ku yi Misar godiya ko da ta hannun likita sauƙin ya zo. In kuma abin ya zo ta yadda likitan kansa ya rasa bayani, ku adana katin asibiti da sakamakon gwaji da hoton ƙirji, na kafin da na bayan, a leda inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. Ku kai wa Fada, shi zai san ko a kai gaban Bishop. Kafin nan ba a tara jama'a a gida ana raba ruwa ko karɓar kuɗi.