Bututun da ya shiga kankare ba ya gyaruwa

Kai yaro, jiya ka tare ni a bakin aiki da wayarka a hannu, kana tambaya ko gaskiya ne ana zura bututun ruwa cikin ginshiƙan da ake kafawa ƙarƙashin gini don a sanyaya ɗakuna. Na yi maka shiru ne saboda ka fama mini tsohon miki. Gaskiya ne, kuma da hannun nan nawa na taɓa yi.

Ka taɓa jan ruwa a rijiya cikin Afrilu, rana na dukan Kano da digiri 40? Da sanyi yake fitowa. Ka koma da asuba cikin hunturu, ka ji shi da ɗumi. In ka nutsa mita 10 zuwa 15, ƙasa ba ruwanta da bazara ko hunturu. A nan garin tana zaune wajen digiri 27 ko sama kaɗan, shekara ta zagayo. Sai a ɗaure baƙin bututun roba mai faɗin milimita 25 ko 32 a cikin kejin rodi, ya sauka ya lanƙwaso ya hawo, a zuba kankare. Famfo na juya ruwa a ciki, na'ura na kwashe zafin ɗaki tana ɗora wa ruwan, kankare ya karɓa ya miƙa wa ƙasa. Esin da ka sani, wato na'urar sanyaya ɗaki, cikin iska mai zafi yake tura nasa zafin, shi ya sa yake nishi yana shan wuta. Yadda ake haƙa rami da ɗaurin rodi kuwa ba zan tsaya ba, shekararka uku a wurina.

A Ostiriya aka fara abin cikin shekarun 1980, kuma a filin jirgin saman Zurich ta ƙasar Suwizalan akwai ginin da ginshiƙansa kusan 300 ke wannan aiki. Amma su suna ɗibar ɗumi da hunturu, su mayar da bazara. Mu zubawa kawai muke yi, hunturunmu gajere ne, ƙasar kuma tana ƙoshi in an cika mata. Ga shi yawancin gine-ginenmu ba sa neman ginshiƙi mai zurfi, marmara da dutse na kusa. Sai gada, ko dogon bene, ko filin da aka cike kududdufi.

A irin wannan filin na ƙone. Wani attajiri zai gina otal, ɗansa injiniya ya dawo daga karatu a Turai da wannan dabara. Yaron ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya zaunar da ni ya ce: a cika bututu da ruwa, a matse shi, a ɗaura geji mai nuna matsin ruwan, kada a sauke har kankare ya kama. Ginshiƙai 16 ne. Alhajin ya ce in sayo kaya da kuɗina, ranar Juma'a zai biya. Na sayar da babur ɗina, na ci bashi a wajen mai kayan famfo a Kofar Ruwa wanda muka shekara 20 ba mu taɓa saɓawa ba.

Goma na farko lafiya lau, ina tsaye kan kowanne, idona kan allurar geji. Ranar sauran shidan injiniyan ya yi tafiya, tankar ruwa ba ta zo ba, motar kankare na tsaye tana juyi. Ɗan kwangila ya daka mini tsawa wai kankare zai sandare a kaina. Alhajin da kansa ya kira ni a waya ya ce, Malam, a zuba, komai ya faru ni ne. Na zuba a kan bututu wofi. Wallahi har yau ina jin ƙarar saukar kankaren nan a kunnena. Huɗu sun maƙure, ruwa ba ya wucewa. Na biyar kuma wani lebura ne ya huda shi da cizal yana sassaƙe kan ginshiƙi, kunnensa toshe da waya yana jin kiɗa, alhali na ce ya naɗe bakin bututun da buhu ya yi masa alama. Irinku ke nan, 'yan yanzu, jiki na wurin aiki hankali na Facebook.

Da na je karɓar kuɗi, mutumin nan ya dube ni a gaban jama'a ya ce bai san an yi wata waya ba. Ya riƙe kuɗin 16 ɗin gaba ɗaya, har goman da ke aiki. Wata 14 ina biyan bashi, ina zuwa aiki a adaidaita sahu, ni da na koya wa mutum fiye da 30 sana'a.

Saboda haka in an taɓa ba ka wannan aiki, ka gwada bututu kafin keji ya sauka, ka sake bayan ya sauka, ka sake bayan an sassaƙe kai, ka rubuta abin da geji ya nuna mai gini ya sa hannu. In babu ruwa a bututu, motar kankare ta koma inda ta fito, ko wa ya kira ka. Gobe ka riga ni zuwa, ka zo da gejin nan da ke cikin akwatina, zan nuna maka yadda ake ɗaura shi.