Na Buɗe Asusu A Fiverr Wata Uku, Babu Wanda Ya Neme Ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shekara shida ina koyar da ilmin halittu a sakandare, yanzu na ajiye aiki saboda rainon yara. Na ji ana cewa mutum yana iya zama a ɗakinsa ya yi rubutu ta intanet a biya shi, sai na buɗe asusu a Fiverr. Yau wata uku ke nan ko mutum ɗaya bai neme ni ba. Abin nan gaskiya ne, ko ɓata lokacina nake yi? Kuma tunda ga ChatGPT, na'urar nan mai yin rubutu da kanta, wa zai ci gaba da biyan marubuci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, akwai masu cin abinci da wannan sana'a. Shirun da kika ji na wata uku kuma bai ba ni mamaki ba, domin kusan kowa da haka yake farawa.

Fiverr kasuwa ce, babu mai ɗaukar ki aiki a cikinta. Tun da aka kafa ta a 2010, tsarinta shi ne ki kasa hajarki ki jira mai saye, kuma masu saye sun fi tsayawa wurin wanda wasu suka riga suka yaba wa aikinsa. Upwork, wadda ta samu wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, ta ɗan bambanta. A can mai aiki ne ke shelanta abin da yake so, ke kuma ki aika takardar nema, kowace takarda tana cin wasu maki da ake kira Connects, waɗanda ake saye da kuɗi. Sabon shiga ya fi samun kafa a nan, tunda shi ke zuwa wurin aikin. Medium da Substack kuwa, shafukan da mutum ke wallafa rubutunsa, masu karatu ne ke biya, kuma tara su yana ɗaukar lokaci mai tsawo. A yanzu ki ɗauke su wurin baje samfurin rubutunki kawai.

Ina zargin matsalar tana cikin abin da kika rubuta a tallarki. Yawancin sababbi cewa suke yi za su rubuta kowane irin rubutu a kan kowane batu. Mai faɗin haka ya shiga layin dubban mutane, kuma a wannan layin wanda ya fi karya farashi ke samun aiki. Ke kuwa kina da jarin da kika manta da shi. Shekara shida kina tsaye gaban allo, kin san inda ɗalibi ke ruɗewa in ana bayanin yadda jini ke zagaya jiki, kin san misalin da ke sa ya gane. Masu shirya darussa ta intanet, masu tsara tambayoyin gwaji, masu bidiyon ilimi da ke neman wanda zai rubuta musu abin da za a karanta, duk irin ki suke nema. Ki sauya tallar ta ce ke malamar ilmin halittu ce mai rubuta darasi da tambayoyi don 'yan sakandare. Sannan ki zauna ki rubuta samfuri uku masu kyau, ko da babu wanda ya sa ki: darasi ɗaya, jerin tambayoyi da amsoshinsu, da bayani na shafi biyu da uwa ko uba za su karanta su fahimta. In za ki nemi aiki a Upwork, jimlarki ta farko ta taɓo ainihin abin da mutumin ya ce yana so. Takardar da aka kwafa aka aika wa mutum hamsin, daga layin farko ake gane ta.

Maganar ChatGPT, ba zan ɓoye miki ba. Tun fitowarsa a ƙarshen Nuwamban 2022, rubutun araha, irin na kalma 500 a kan batun da kowa ya sani, kasuwarsa ta faɗi, kuma ba na jin za ta farfaɗo. Aikin da ya rage shi ne wanda kuskure a cikinsa ke jawo asara. Na'urar tana iya faɗin abin da ba haka ba cike da tabbaci, kuma sai wanda ya san fannin zai kama ta. In mai aiki ya ce ba ya son a yi amfani da ita, ki riƙe amana. Kwafen rubutun wani ma kada ki kusance shi, ana bincikawa da manhajoji irin su Copyscape.

Kafin ki ƙara rubuta kalma ɗaya, ki tabbatar da hanyar da kuɗi zai iso hannunki. PayPal ba a kowace ƙasa yake barin a karɓi kuɗi ba, shi ya sa da yawa ke bi ta Payoneer. Sunan da ke asusunki ya dace da na katin shaidarki harafi da harafi. Ki kuma yi lissafi: Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ki, ragowar kuma sai ta kwana 14 kafin ki iya cirewa. Wajen yanke farashi ki haɗa da lokacin bincike da na gyara, ki faɗa tun farko sau nawa za ki yi gyara kyauta. Sau biyu ya isa.

'Yan damfara sun fi farautar sababbi. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin rajista kafin ya ba ki aiki, ki rabu da shi. Haka wanda zai ce ku koma Telegram ku ƙarasa ciniki tun ba a ƙulla yarjejeniya ba. Kina fita daga dandalin kariyarki ta ƙare, kuma ana iya rufe miki asusu. Ni kaina a farkon farawata na taɓa kwana uku ina yi wa wani "gwaji", ya karɓa ya ɓace, har yau abin yana yi mini ciwo. A Upwork, in aikin na ƙayyadadden farashi ne, kada ki fara sai kin ga an ajiye kuɗin a hannun dandalin. Kasancewarki malama kuma, ɗalibai za su zo da kuɗi mai tsoka ki rubuta musu aikin makaranta. Fiverr da Upwork duk sun hana, Ingila ma ta mayar da sayar da irin wannan rubutu laifi a 2022.

Tunda kina tare da yara, kada ki yi alkawarin kammala aiki cikin awa 24 don kawai wasu na yi. Jinkiri yana rage miki daraja a idon dandalin, tallarki ta koma can ƙasa. Aikin da kika san zai ci kwana biyu, ki ce kwana huɗu, saboda ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi.