Amsata ga Maman Biyu a kan yadda nake kasa yinina

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da dare, ya yara, ya sanyi. Maman Biyu, na ji saƙonki tun da rana ina wajen aiki, sai yanzu na samu zama. Kin ce likita ya ce jininki ya hau, ya ce ki dinga motsa jiki, ke kuma kin rasa inda za ki saka shi tunda daga asuba har dare ba kya zama. Kina tambaya mu da muke fita aiki, ga yara ga miji ga cefane, ya muke yi da yininmu. To ƙanwata, bari in ba ki nawa yadda yake, ki ɗauki abin da ya yi miki. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ni ma shekara 3 da suka wuce abin da aka gaya min ke nan. Ciwon kai ne ya dame ni ta ƙeya, na je aka gwada aka ga 160 bisa 100. Kuma kin san in dai ana ta gwadawa yana kai 140 bisa 90 ko ya haura, to hawan jini ne. Amsar da kika ba likitanki ita na ba nas ɗin da ta gwada ni, na ce ni da ba na zama, wane motsa jiki kuma ya rage min? Sai ta ce min, Malama, gajiya daban, motsa jiki daban. Wallahi maganar nan ta zauna min. Tsayuwa a gaban tukunya awa 2 tana sa ƙafa ta yi tsami, baya ya riƙe, amma zuciya ba ta san an yi wani abu ba. Abin da ake so shi ne ki yi tafiya da ɗan sauri har numfashinki ya ɗan hau, gumi ya tsattsafo, kina iya yi wa ta kusa da ke magana amma ba za ki iya jan karatu da ƙira'a ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na irin wannan a mako. In kin raba, minti 30 ne sau 5. Kuma ba dole sai a haɗe ba, ko gutsi-gutsi kika yi yana shiga lissafi.

Ki tuna Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ni na yi wayo na same ta tana surfa gero da kanta. Za ta ɗaura zani a ƙirji, ta yayyafa wa geron ruwa a turmi, ita da abokiyar zamanta su kama taɓarya suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har dusa ta fita. Daga nan ta nufi rijiya da guga, ta ja ruwan da zai ishi gidan. Ba ta taɓa jin kalmar motsa jiki ba, aikin gidan ne yake yi mata shi. Mu kuwa niƙa da markaɗe inji, ruwa 'yan garuwa su turo kura har ƙofar gida, bakin titi ma adaidaita. Alhamdulillahi sauƙi ne Allah Ya kawo, ban ce a koma daka ba. Amma abin da aikin yake ba jikin su Inna ya tafi, hidimar ce kawai ta rage mana.

To ga yadda nake yi. Ni ban iya tsara yini da agogo ba, na gwada ya gagare ni. Da salloli nake ɗaure komai, don su ne ba sa gocewa.

Ina tashi wajen ƙarfe 5 saura, kafin kiran assalatu. In ɗora ruwan zafi, musamman yanzu da hunturu, in tashi yara manyan. Abin da ya cece ni a safiya shi ne aikin da na yi tun dare: an surfa wake an wanke, gasarar koko tana nan a rufe, yunifom a goge in an kawo wuta, in ba a kawo ba dutsen guga na gawayi yana nan. Takalma da jakunkuna a jere a bakin ƙofa. Da can da safe nake neman safa ƙafa ɗaya, ina faɗa ina ɗaga murya, kafin 7 kaina ya fara sarawa. Yanzu babbar 'yata ita ke shirya auta, mai bi mata ya share tsakar gida, ni ina wajen suyar ƙosai. Kuma don Allah ku saka yaranku maza aiki. Nawa yana wanke kwanuka, babansa bai taɓa hanawa ba. An tambayi Nana A'isha me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. To wane ne ɗana da zai fi ƙarfin soso da sabulu?

Barcin bayan asuba shi na fara yankewa, kuma shi ya fi ba ni wuya. Amma Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma ni na ga albarkar da idona. Abin da nake gamawa tsakanin salla da fitowar rana, in na bar shi sai hantsi, ninki biyu yake ci min.

Yanzu ga inda tafiyar take shigowa, nan nake so ki saurara da kyau. Kin san muna Rijiyar Zaki, makarantar da nake koyarwa kuma tana can wajen Ƙofar Famfo. Da adaidaita biyu nake hawa, ɗaya zuwa Kabuga, in sauka in hau wani. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, albashi bai motsa ba, ga kuma maganar nas tana raina. Sai na ce bari in gwada barin na biyun. In sauka a Kabuga in taka, in bi gefen tsohuwar Jami'ar Bayero har makaranta. Ranar farko na isa ina haki, hijabina ya jiƙe, na zauna a ofis na sha ruwa kusan kofi 3. Mako biyu cinyoyina suna ciwo. Ban fasa ba. Yanzu minti 25 nake yi, kuma wallahi in ban yi ba sai in ji jikina ya yi nauyi. Takalmin tafiya na roba nake sakawa, mai kyan yana cikin jaka, in na isa in canza. Da hunturu ina rufe hanci saboda ƙura. Da bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, safe kawai nake takawa, dawowa in hau adaidaita, don ranar Kano ta ƙarfe 2 ba abin wasa ba ce ga mai hawan jini.

Kin ga ban ware wani lokaci ba, ban sayi komai ba, ban nemi izinin wata sabuwar fita ba. Hanyar da dole in bi ce na mayar da ita magani. Ke da ba kya fita aiki, kina raka 'yan biyu makaranta, ko ba haka ba? To ki daina tsayar da adaidaita a dawowa. Markaɗe da kike aiken almajiri, wani lokacin ki kai da kanki. In kuma fitar ba ta samu ba, tsakar gidanku yana da tsawo, ki zagaya shi minti 10-10 bayan salloli uku a yini, kina tasbihinki. Maƙwabciyata haka take yi, ba ta leƙa ko zaure. Abu ɗaya dai, kada ki fita da duhun asuba ke kaɗai, kuma kada ki riƙe waya a hannu. Kin san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya. Ki bari gari ya waye, mutane su fito.

Wajen aiki ba sai na ja ba, aji ne da alli da surutun yara har a tashi. Ina dawowa gida in yi azahar, mu ci abinci, sai in kwanta. Ƙailula minti 20 ko 30, kuma na kafa doka, ko auta ya san ba a buga min ƙofa. Da ina jin kunyar wannan barcin, ina ganin kamar lalaci ne ga uwar yara huɗu. Ashe shi ne yake riƙe min yammacin. Ko a Suratun Nur an ambaci tsakar rana cikin lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shigo wa iyayensu, lokacin da ake ajiye tufafi a huta. Addini ya san jiki yana buƙatarsa.

La'asar yara su tafi Islamiyya, ni in ɗora tuwon dare. Cefane kuwa na daina na kullum, shi ne yake cinye wa mace yini ba ta sani ba: yau babu daddawa, gobe babu kuka, jibi manja ya ƙare, kullum ana aike ana jiran ɗan aike. Yanzu hatsi maigida yake sayowa daga Dawanau in an yi albashi ko kasuwa ta yi kyau, kayan miya busassu in shiga Kasuwar Rimi sau ɗaya a wata, ɗanyen kaya kawai nake saya a unguwa. Ita ma shiga Rimi tafiya ce, ki zaga layin 'yan kuka da kuɓewa ki dawo da kaya a hannu, kin yi minti 30 ɗinki. Sannan gishiri da dunƙule ki rage hannu. Abin da ake so babba ya ci a yini bai kai cokalin shayi ɗaya ba, ƙasa da giram 5, har da wanda yake cikin dunƙulen. Ni daddawa da citta da tafarnuwa na ƙara, mutanen gidan suka yi ƙorafi kwana kaɗan suka saba.

Alhamis da Juma'a tunda babu Islamiyya, Alhamis ta mahaifiyata Hajiya ce. In kwashi yaran mu tafi Goron Dutse. Wannan ba na ɗaga shi saboda biki ko suna, sai dai rasuwa. In yanke mata farce, in taje mata kai in yi mata kalba, tana ba yaran labarin yadda unguwar take da. Rannan ina shafa mata man zafi a gwiwa ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce komai ba, ta daɗe a haka. 'Yan'uwa, masu iyaye a raye, ku sa musu rana tsayayya. In kika ce sai kin samu sarari, wata zai wuce ba ki je ba, kuma kina gari ɗaya da su.

Sai dare, kuma a nan na fi yin asara a baya, gara in faɗa don wata ta amfana. Maigida yana dawowa daga Kwari wajen magariba a gajiye. Bayan isha'i shi ya fita majalisa, ni in ɗauki waya, daga wannan zaure zuwa wancan, daga Facebook zuwa TikTok, sai in ga 12 ta yi. Ga tashin 5 saura yana jirana. Barcin awa 4 da rabi, ta ina jini ba zai hau ba? Abin da ya farkar da ni, wata rana 'yata ta zo tana ba ni labarin wata yarinya da take tsangwamarta a aji, ina ta cewa uhm, uhm, idona a kan waya. Sai na ji shiru. Na ɗago, ta tafi ɗaki. Na bi ta na same ta ta juya fuska bango tana hawaye. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Tun daga ranar, tsakanin magariba da isha'i wayata tana kan firji. A shimfiɗa tabarma, a ci tuwo a faranti ɗaya, kowa ya biya haddarsa, mai aikin gida ya kawo a duba. Na zauna da maigida na roƙe shi, cikin ladabi ba da faɗa ba, ya ba mu rabin awa kafin ya fita. Ya amsa, kuma Allah Ya saka masa da alheri ya riƙe. Wani daren ma ba ya fitar, sai mu ɗan taka zuwa bakin layi mu sayo burodin safe mu dawo, muna maganar kuɗin makaranta da abin da ya dame mu. Ƙarfe 10 na kwanta. Yau ma don na ga hankalinki ya tashi ne na ɗauki wayar.

Ba kullum yake tafiya daidai ba. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko baƙi suka sauka, ko azumi ya zo, komai rushewa yake yi. In ya rushe ba na zama ina jin haushi, washegari in ɗora daga asuba.

Maganin da likita ya rubuta miki kuma, don girman Allah kada ki ajiye shi don kin fara tafiya ko don kin ji kan ya daina ciwo. Hawan jini yana iya zama a jiki ba ya nuna alama. Ni har yau ina shan nawa kowace safiya, kuma ina zuwa a gwada ni. Gwajin ƙarshe 130 bisa 85, alhamdulillahi. Tunda naki sabo ne, ki tambayi likitan irin saurin da ya dace da ke, ki fara da minti 10 ki dinga ƙarawa a hankali.

Jibi Alhamis in Allah Ya kai mu, ki nemi izini wajen Baban Biyu ki zo Kabuga bayan la'asar, ki sa takalmi marar tsini. Mu taka tare zuwa wajen Hajiya, dama tana ta cigiyar 'yan biyun. Ki taho da katin asibitin in gani. Allah Ya ba ki lafiya ƙanwata, Ya raya mana zuri'a. Ga auta can ya farka yana kirana. Sai da safenku.