Hukuncin Rubuta Labarin Matattun da Suka Tashi da Hankalinsu

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni marubuciya ce, ina rubuta ƙagaggun labarai. Yanzu na ɗauko wani dogon labari da ke faruwa a wata duniya da na ƙago da kaina, da ƙasashenta da sarakunanta. A cikinta akwai wata al'umma da na raɗa wa suna Tasassu. Mutane ne da suka mutu a wani yaƙi, bayan shekaru wani matsafi ya tashe su daga kaburburansu da hankalinsu cif. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa haihuwa, zuciyarsu ba ta bugawa, amma suna magana, suna da sarki da alƙali, suna kewar iyalansu. Yayana ya karanta babi uku ya ce in goge, wai ƙarya ce kuma shisshigi ne cikin ikon Allah. Yau wata biyu ke nan na kasa taɓa rubutun. Mene ne hukuncinsa? Kuma ya halatta in sa a zana su a bangon littafin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah mai rayarwa mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika ajiye alƙalami kika yi tambaya, ya saka wa yayanki da kishin addininsa. Maganarsa gida biyu ce: a ɗaya ya tsananta, a ɗaya kuma ya hango wani abu na gaskiya ko da bai tsaya a kansa daidai ba.

Mu fara da batun ƙarya. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya ɗauka haka yake. Idan mai faɗa da mai ji duk sun san ƙage ne, babu wanda aka yaudara. Akwai malaman da suka hana ƙagaggen labari baki ɗaya, hujjarsu hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa bone ya tabbata ga wanda ke ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Ina girmama wannan fahimta, amma abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne hadisin yana magana ne kan wanda ke shirga ƙarya da sunan ta faru. Ibnu Hajar Alhaitami, wanda ya rasu a shekara ta 974 bayan hijira, ya faɗa a Tuhfatul Muhtaj cewa ya halatta a saurari labaran ban mamaki, har waɗanda aka tabbatar ba su faru ba, matuƙar an yi nufin buga misali ko wa'azi ko koyar da hali irin jarunta, a bakin mutane ne ko a bakin dabbobi. Hariri ma, wanda ya rasu a 516, ya ƙago mutanensa a Maƙamat, malamai kuma suka yi ƙarnoni suna karantar da littafin.

Halittar da babu irinta a duniya ma ba ita ce matsalar ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, sai iska ta ɗaga gefen labulen da ke rufe da ma'ajiyar Nana A'isha, 'yan tsananta suka bayyana. A tsakiyarsu ya ga wani doki da fukafukai biyu na ƙyalle. Ya ce, “Doki da fukafukai?” Ta ce, “Ba ka ji Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba?” Ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Bai ce ta jefar ba. Don haka ki ƙagi duniyarki, ki cika ta da halittun da ido bai taɓa gani ba. Asalin wannan halal ne.

Amma Tasassunki ba dokin A'isha ba ne, nan ne nake so ki ba ni hankalinki. Doki mai fukafukai bai taɓa wani ginshiƙi na imani ba. Mutuwa kuwa, da abin da ke bayanta, Allah ya riga ya ba mu labarinsu yankakke. A suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi ko ya aikata na ƙwarai, aka ce masa a'a, a gabansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Wannan shamakin shi ne barzahu. Mahaifin Jabir, Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah ya ce masa ya roƙi abin da yake so, ya roƙi a mayar da shi duniya a sake kashe shi don Allah, aka amsa masa cewa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. Shahidi ke nan, mai wannan daraja, ƙofar ba ta buɗe masa ba.

Gaskiya ne Alƙur'ani ya ambaci waɗanda aka raya bayan mutuwa tun a duniya. A suratul Baƙara kaɗai akwai mutanen Annabi Musa da tsawa ta kama, da wanda aka kashe aka doke shi da wani sashe na saniya, da dubban da suka gudu daga gidajensu don tsoron mutuwa, da wanda ya wuce ta wata alƙarya aka kashe shi shekara 100, da tsuntsayen Annabi Ibrahim. Annabi Isa ma ya raya matattu, ayoyin kuma suna maimaita cewa da izinin Allah ne. Ki lura, duk rayuwa ce sosai aka mayar musu, ta jini da numfashi, kuma duk ayoyi ne daga Allah. Babu inda aka ce akwai wani matsayi na uku a doron ƙasa, na wanda bai mutu ba bai yi rai ba. Larabawan jahiliyya sun yi imani da wani abu mai kama da haka: wai wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu yana fita daga kansa yana zagaya kabarin yana kukan a shayar da shi. Hama suke ce masa. Annabi ya kore shi da kalma biyu a hadisin Buhari da Muslim: babu hama. Haka nan duk wani zancen fatalwa, cewa ran mamaci na dawowa ya yi yawo cikin mutane, ba shi da tushe.

To shin wannan ya haramta rubuta su? A'a. Rubuta abin da ba ya faruwa, a labarin da kowa ya san ƙage ne, daban yake da yin imani da shi. Wurin da haɗarin yake shi ne wannan hankali da kika ba su. Gawar da matsafi ke jujjuyawa ba ta cewa uffan, ba ta da shaida a bakinta. Amma mamacin da ya tashi da hankalinsa, dole wata rana a cikin labarin 'yarsa ko matarsa ta zauna gabansa ta ce, “Me ka gani a can?” Duk abin da kika sa a bakinsa a wannan lokaci, magana ce kan gaibu. Idan ya ce bai ga komai ba sai duhu da shiru, babu tambaya babu sakamako, kuma labarin ya gaskata shi, to kin sa shaidar zur a kan kabari a bakin wanda mai karatu ya ɗauka ganau ne. Idan kuma kika sa shi yana siffanta mala'iku da tambayar kabari da abin da ranki ya raya miki, kin faɗi abin da ba ki da ilimi a kansa, suratul Isra'i aya ta 36 kuwa ta hana bin abin da ba a da saninsa. Duka biyun ba su halatta ba. Kada ki raina tasirin wannan. Matashin da ya kwana yana tausayin wani Tasasshe har da hawaye, maganar da ta fito daga bakinsa ta fi zama masa a rai fiye da ta littafin falsafa goma.

Na sha tsayawa a kan gawa ana yi mata wanka. Za ka ɗaga hannun da jiya yake riƙe da kofi, ka sake shi ya faɗi kamar ba na kowa ba. A ɗaure haɓa, a rufe ido, ƙafafu sun yi sanyi. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ya san an wuce da mai jikin wani wuri da ba mu da iko da shi. Ina so wannan kwarjini na mutuwa ya zauna a rubutunki, kada yawan tashin matattu ya mayar da ita kamar ƙofar ɗaki, a shiga a fito.

Sai matsafin. Rayarwa da kashewa na Allah ne shi kaɗai, wanda ya yi jayayya da Annabi Ibrahim a Baƙara aya ta 258 da'awar da ya yi ke nan. Ya halatta a samu matsafi a labari, har ya yi da'awar yana raya matattu, domin Alƙur'ani kansa ya hakaito mana maganar Fir'auna, mai hakaito kafirci kuma ba kafiri ba ne. Abin da ban ga halaccinsa ba shi ne ke mai ba da labarin ki tabbatar masa da wannan iko, a ce da gaske ya kamo rayuka daga inda suke ya mayar da su jikkuna. Ban ce wanda ya rubuta haka yana sane da cewa ƙage ne ya fita daga Musulunci ba, kada wani ya ɗora mini wannan. Na ce dai a gyara. Ya fi muni idan aka ƙawata tsafin har ya zama shi ne mafitar jarumi, ko aka rubuta surkulle da hatimai na gaske da wani zai iya kwaikwaya, ko aka cusa ayoyi da sunayen Allah cikin kiran matattu. Wannan na ƙarshe haramun ne babu ja, yana kuma kusa da izgili da ayoyin Allah.

Gyaran bai kai yadda kike tsoro ba. Abin da labarinki ke buƙata shi ne al'ummar da zamani ya wuce ya bar ta, masu kewar iyalan da suka daɗe da shuɗewa, waɗanda rayayyu ke gudu. Duk wannan zai samu ba tare da sun ƙetara barzahu sun dawo ba. Ki sa su zama waɗanda ba su mutu ba tun farko, wata cuta ko wani dogon barci ya kama su a filin yaƙi aka ɗauka sun mutu. Alƙur'ani ya ba mu labarin samarin kogo da suka yi shekara 309 suna barci, suka farka suna zaton wuni ɗaya ne ko sashensa. Ko su zama wani jinsi ne daban da aka halitta haka, mutane ne kawai ke ce musu matattu saboda kamanninsu. Ko kuma wasu halittu ne suka shiga siffar mamatan, matsafin yana yaudarar jama'a da su, asiri ya tonu a ƙarshe. Idan kin nace sai sun mutu da gaske, to kada a jingina tashinsu ga ikon wani mahaluki, kuma bakinsu ya kasance a rufe game da abin da ke can: ba su tuna ba, ba kuma su musa ba. Wannan ina ganin ya halatta, ko da yake hanyoyin farko sun fi kuɓuta. Ki nisanci rubuta cewa ran mutum ya bar wani jiki ya koma wani jikin a sake haihuwarsa, domin wannan aƙida ce ta wasu addinai da ke rushe imani da tashin ƙiyama.

Ki kuma kiyaye mutuncin gawa a yadda kike siffantawa. Annabi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha. Addinin da ya girmama ƙashi haka ba zai so a mayar da ruɓewar jikin ɗan Adam abin nishaɗi ba. Idan kuma akwai yara cikin masu karanta ki, ki rubuta a farkon littafin cewa ƙage ne, mamaci ba ya dawowa.

Game da zane, malamai sun saɓa. A mazhabar Malikiyya, abin da ya haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai wanda gaɓoɓinsa suka cika. Zanen da ke kan takarda ko ƙyalle bai kai haram ba, barinsa dai ya fi. Mafi yawan malaman sauran mazhabobi sun hana zana mai rai ko da a shimfiɗe ne, Shafi'awa ma sun faɗa ƙarara cewa hanin ya haɗa da halittar da babu irinta, 'yan tsanan yara kawai suka keɓe. Idan kin bi Malikiyya babu laifi a kanki, da sharaɗin babu tsiraici kuma babu alamomin bautar wanin Allah. Idan kina son fita daga saɓani, a zana filin yaƙin da makamansu da tutocinsu, ko a nuno su daga nesa ba tare da an fitar da fuska ba.

Ba sai kin goge babi ukun ba. Ki koma kansu ki gyara asalin tashin Tasassu da abin da suke faɗa game da kabari, sannan ki kai wa yayanki ya sake karantawa.

Allah ne mafi sani.