Amsar Baffa Kan Zancen Komowa Gida da Damina

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso tun ranar Talata. Ƙanenka ya kunna mini shi a waya har sau biyu, don a na farko ƙarar motocin Agege ta cinye rabin maganar. Ban amsa nan take ba saboda tambayar ba ta tsaye-tsaye ba ce. Yau bayan an sauko daga Juma'a na zaunar da shi, ina faɗa yana rubutawa. In ka ga kuskure, nasa ne.

Ka ce kowace shekara da watan Mayu ya kama sai mu dame ka da zancen dawowa gida, alhali kana iya turo kuɗi a ɗauki 'yan ƙwadago su yi noman. Ka tambaya ko wannan abu addini ne, ko kuwa al'ada ce kawai muka gada muka ƙi saki.

Ba addini ba ne. Babu aya babu hadisin da ya ce sai ka zo ka riƙe sungumi. Al'ada ce, kuma rumbu ne ya haife ta.

Ka taɓa tsayawa ka saurari kalmar nan, cin rani? A nan ƙasar Gumel ruwan sama na wata huɗu ne, in Allah ya yi mana kyauta. Abin da aka samu a cikinsu shi za a ci har shekara ta zagayo. A gidan kakanka, da an gama kaka an fitar da zakka, sai ya sa a rufe babban rumbun gandu, a shafe bakinsa da laka. Ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka, domin lokacin ne ake buƙatar ƙarfi, kuma lokacin ne hatsi yake tsada a kasuwa. Tsakanin rufewa da buɗewa, mata da yara da tsofaffi suna lallaɓawa da ƙaramin rumbu da abin da aka samu a gayauna. Mu kuwa samari, masu cin malmala uku a zama ɗaya, sai a ce mu kai cikinmu wani wuri. Kowane kwanon tuwon da na ci a Ibadan, kwano ɗaya ne ya ragu a rumbun ubana. Ko ban komo da ko sisi ba, na yi wa gida aiki. In kuma na komo da kuɗin haraji da turmin atamfa na Inna, wannan riba ce a kan uwa.

Shi ya sa ɗan cin rani yake fita da ranar komowa a ransa. Wanda ya tafi bai dawo shuka ba, sai ka ji ana cewa wane ya shiga duniya, kuma ba da murna ake faɗa ba.

Ba mu muka fara ba. Kakannin kakanninmu fatake ne, suna bin madugu zuwa Gwanja da jakuna, su kai kanwa da baƙi da fatu, su ɗauko goro daga Salaga. Su ma sai ƙasa ta bushe suke tashi, don jaki da kaya ba ya ƙetare kogi a cike. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta juya kudu, amma lokacin tashi bai sauya ba. Har almajirai, a da malami yakan kwashe su bayan kaka, ya dawo da su kafin shuka su yi wa iyayensu noma. Duba yadda wannan ma ya lalace yanzu. To, wannan wani zance ne.

Ni na fara fita a ƙarshen 1974, bayan farin da ya ƙone mu a 1973. Naira ma sabuwa ce a hannunmu, muna ta mayar da lissafi zuwa sule da fam. Daren tafiya na bi gida-gida ina bankwana, don a lokacin ba a sulalewa. Za ka durƙusa gaban kowane babba ka nemi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya sa maka albarka, wata tsohuwa ta damƙa maka kwabo. Dalilin a fili yake: babu waya, kuma ba kowa ke tarar da waɗanda ya bari ba. Inna ta ƙulle mini dakuwa da ƙuli-ƙuli da gumba a tsumma. Muka shiga babbar mota zuwa Kano, daga nan jirgi: Zariya, Kaduna, Minna, gadar Jebba inda na fara ganin Kwara na riƙe bakina, Ilori, har Ibadan. A Sabo muka sauka wurin wani maigida mutumin ƙasarmu. Na yi dako, na yi ga-ruwa, daga baya na koma Shagamu ina ɗaure huhun goro.

Can kudu ruwa yakan fara tun watan Maris. Da ya fara sai ka ga 'yan cin rani sun daina sakewa. Ana ta lissafi da yatsu, ana tare direbobin da suka sauko daga arewa ana tambaya: an yi ruwa a Haɗeja? Gumel fa? Mun san in ya sauka a Zariya, saura mana 'yan makonni.

Yanzu bari in gaya maka yadda ake gane lokacin, tunda kai ka tashi da kalanda a waya. Manomi ba ya shuka da watan Musulunci, don shi yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, azumi ya zo da sanyi, ya zo da zafi, ya zo da marka. Manoma suna da nasu ƙidayar da ke farawa daga kaka, shi ne ake cewa wata bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alamun kuwa ga su a fili. Iskar hunturu da ke busowa daga gabas ta kwanta, bazara ta kama, zafi ya hana barci a ɗaki, iska ta juyo daga yamma da danshi a cikinta. Shamuwa ta iso ta hau tsamiyar bayan masallaci tana gyara sheƙa. Itatuwa su fara toho ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa su ba. Gawo kuwa, da yake shi ɗan adawa ne, lokacin da kowa ke yin ganye shi yake zubar da nasa, har ake masa kirari da ƙi ruwan Allah. Amma ka lura, ba manomin kirki da zai sare gawo a gonarsa. Da rani dabbobi suna kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki, da damina kuma ba ya tare wa shuka rana. Je ka duba geron da ke ƙarƙashin gawon gonarmu ta gabas, ya fi na ko'ina tsayi.

Kafin ruwa akwai sassabe, akwai kai taki a mangala. Wasu sukan yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Wannan caca ce, in yayyafi kaɗan ya sauka ya tsaya, irin ya tsiro ya mutu.

Ga inda lissafinka na 'yan ƙwadago ya karye. Ruwan shuka yakan sauka cikin dare. Da asuba maigida ya fita ya tona ƙasa da hannu, in danshi ya kai tsawon tafin hannu, shi ke nan, gari ya watse. A ƙasarmu ta jigawa, yashi ba ya riƙe ruwa, kwana biyu ne ko uku a hannunka. A waɗannan kwanaki wa za ka ɗauka? Ɗan ƙwadagon ma manomi ne, yana gonarsa. Sai ya gama tasa zai zo taka, ƙasa ta riga ta sha iska. Haka noman firi: ciyawa ba ta jiran kuɗi su shigo ta waya. Gero kwana casa'in ne ko ƙasa da haka, mako ɗaya da aka yi sakaci a farkonsa, a dami ake ganinsa.

Na san wannan da jikina. A 1978 ciniki ya yi mini daɗi a Shagamu, na ce bari in ƙara mako biyu in cika kuɗin keke. Da na iso gida an yi shuka da kwana tara. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana ɗan shekara goma sha huɗu, shi ya riƙe sungumi a gaba yana sara, Inna da 'yan matan gidan suna biye da ƙoƙon iri, suna zubawa suna rufewa da diddige. Gonar gabas kawai suka iya gamawa. Ta yamma sai da aka jira ruwa na biyu, kuma a shekarar ba ta yi abin kirki ba. Na shigo da sabon Raleigh ina ƙyalli, yara suna bina. Na durƙusa na gaida kakanka. Ya amsa, ya tambayi hanya, bai ko dubi keken ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko hauya ya ajiye a gabana, ya koma ya zauna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da daddare na ga tafin hannun mahaifinka duk ya fashe, Inna tana shafa masa man kaɗe. Keken nan na yi shekara ashirin ina hawansa, ban taɓa jin daɗinsa sosai ba.

Kuma ba aikin kaɗai ake so ba. Damina ita ce lokacin da gari yake cika. A gayya ake sanin saurayin da za a ba 'ya. A gona ake nuna wa yaro iyaka, a ce daga wannan kuka zuwa waccan gamba namu ne. Rigingimun gona da nake zama a kansu a ƙofar mai unguwa, yawancinsu na 'ya'yan da suka girma a birni ne, ba su san inda gonar ubansu ta tsaya ba. Kuma akwai abin da ba na iya aiko maka a mota: tumun farko da aka gasa a bakin gona, ƙanshin ƙasa daren ruwan fari, kukan kwaɗi a kududdufi da marka ta kama.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya in ce duniyar tana nan yadda na same ta ba. Yanzu rani ma ana nomansa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, mutanen Kadawa da Kura suke noman tumatir da alkama da shinkafa da rani, kuma a fadamun Haɗeja injin ban ruwa ya kori jigo. Yaran da a da za su tafi kudu, yanzu wasu can suke zuwa. Gonaki sun tsuke, abin da kakanka ya noma shi kaɗai yau gida bakwai ke raba shi. Taki na zamani sai da kuɗi, kuma kuɗin nan, gaskiya, daga irinku suke fitowa. A wasu sassan Zamfara da Katsina kuwa mutane suna son zuwa gonar ma, 'yan bindiga sun hana. Mu nan sai godiya. Na kuma ga yadda zaman baƙunta yake ƙarewa: a 1969 aka kori baƙi daga Ghana, wasu mutanen garin nan suka dawo da tabarma kawai bayan shekaru a Kumasi. Waɗanda ba su saki gonarsu ba, su ne suka sami wurin tsugunawa.

To ga abin da na gani game da kai. Aikinka na tsaron shago ba irin dakon da na yi ba ne, wanda zan ajiye yau in ɗauka baɗi. In ka bar shi wata huɗu, wani za a sa. Ban ce ka bar shi ba, kuma na gaya wa innarka ta daina yi maka kuka a waya. Amma ka daina kiran kanka ɗan cin rani, kai mazaunin Legas ne mai gona a gida, kuma wannan yana da nasa haƙƙi. Kuɗin taki su iso tun watan Afrilu, kafin ya yi tsada, ba sai shuka ta yi ja ba. Ƙanenka da ke riƙe da gonar, ba ɗan ƙwadagonka ba ne, a yanka masa rabonsa a fili tun yanzu, ni zan zauna a kan maganar. Sannan ka roƙi maigidanka mako biyu. Shuka ba za ka same ta ba, don ba wanda ya san darenta, kuma kafin ka baro Legas an gama. Ka nufi firi, wajen mako biyu zuwa uku bayan shuka. Ranar da ruwan ya sauka zan sa a kira ka, sai ka fara ƙirga.

In za ka taho ka biyo ta Kano, kada ka yi tafiyar dare. Ka yi bankwana da maigidanka da maƙwabtanka yadda ya kamata, kada ka sulale. Tsaraba ba sai ka wahalar da kanka ba, goro fari na innarka ya isa, ni kuma tocila, tawa ta mutu. Shamuwa ta iso tun makon jiya, guda biyu, suna kan tsamiyar. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi. Ranar Alhamis zan je Maigatari in duba ko zan sami ɗan maraƙin da za a haɗa da namu a garma.

Innarka da Gwaggo suna gaishe ka. Ƙanenka ya ce hannunsa ya gaji. Allah ya tsare, ya kawo ka lafiya.

Baffanka.