Matar da ta ɗaga yatsu biyu a zanen Surikov

'Yar'uwa, kin tambaya ko matar nan mai baƙaƙen kaya, da aka ɗaure da sarƙa a kan amalanke cikin dusar ƙanƙara, mayya ce ake kai wa hukunci. Ba mayya ba ce. A Mosko na yi karatu, kuma na sha tsayawa gaban zanen a gidan adana zane-zane na Tretyakov. Abin da kike gani a waya bai kama ƙafarsa ba, don faɗinsa ya kusa mita 6, tsayinsa mita 3. Vasily Surikov ne ya kammala shi a 1887.

Sunanta Feodosiya Morozova, matar wani babban bafade, mai dukiya da bayi dubbai. A 1653 shugaban cocin Rasha, Nikon, ya fara sauya wasu ayyukan ibada domin su dace da na Girkawa, Sarki Aleksei kuma ya mara masa baya. Cikinsu har da yin alamar gicciye da yatsu uku maimakon biyun da aka gada kaka da kakanni. Waɗanda suka ƙi, taron malaman coci na 1666 zuwa 1667 ya tsine musu. Ita ta ƙi, gidanta ya zama mafakarsu. A 1671 aka kama ta tare da ƙanwarta Evdokiya, aka ratsa gari da ita don a wulaƙanta ta. Wannan ranar ce a zanen, yatsu biyun kuma amsarta ce ga sarki.

Da farko ita kaɗai nake kallo: fuska fari fat, idanu sun faɗa. Sai daga baya na gane rabin labarin yana cikin jama'a. Dubi dama, ƙasa: wani bawan Allah zaune a ƙanƙara, ba takalmi, tsumma a jikinsa, ya ɗaga mata yatsu biyu shi ma. Shi kaɗai ya yi ƙarfin halin yi a fili. Kusa da shi tsohuwa ta durƙusa tana miƙa hannu. Mai jar riga da ke bin amalanken hannu a haɗe, ƙanwarta ce. A hagu kuwa wasu na ƙyalƙyala dariya, har da limamin coci, ga yaro yana bin amalanken da gudu. Waɗanda suka fi taɓa ni su ne masu sunkuyar da kai, tausayi ya cika su amma tsoro ya ɗaure musu baki. Wallahi duk lokacin da na dube su sai jikina ya yi sanyi. A ganina Surikov bai yanke hukunci kan wace aƙida ce daidai ba, halin mutane ya nuna.

Ƙarshenta ba ya cikin zanen. An ƙwace dukiyarta, ɗanta tilo Ivan ya rasu bayan kama ta. Aka jefa ta ita da ƙanwarta cikin rami a garin Borovsk, aka hana su abinci. Ƙanwar ta riga ta, ita ma ta cika a Nuwamba 1675. Sai a 1971 cocin ya janye tsinuwar. Labarin da mabiyanta suka rubuta ya ce ta roƙi mai gadi ɗan burodi, ya ce yana jin tsoro. Sai ta ce to ya wanke mata rigarta, don kada ta mutu cikin dauɗa. Ya karɓa, ya je rafi ya wanke yana kuka.