Kai tsohuwar kwandala a tantance: yaushe riba, yaushe asara?

Tambaya: Na gaji gwangwani cike da tsofaffin kuɗi daga kakana, akwai kwabo mai huji da anini da sulalla. Wasu na ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas da shekarar 1936. An ce in na tura su Turai aka saka su a gidan roba mai lamba, kuɗinsu zai ninka. In tura? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan kaka, amma kada ka tura tukuna. Aikin kamfanonin tantancewa uku ne: su tabbatar kwandala ta gaske ce, su ba ta maki gwargwadon lafiyarta, su rufe ta a gidan roba mai lambar rajista. Manyansu biyu ne, duka na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Makin daga 1 zuwa 70 yake, bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama, wanda ake rubuta wa MS, na kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba ce. Wadda ta sha cinikin goro da gyaɗa har rubutunta ya fara shafewa, da ƙyar ta wuce 20 ko 30.

Labarin kwabon 1936 ne ke ruɗin mutane. Edward ya sauka daga sarauta a Disambar shekarar, ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a Ingila ba. Amma kwabon Afirka ta Yamma huji ne a tsakiyarsa, babu wurin hoton sarki, suna kawai ake sauyawa, don haka aka buga shi miliyoyi. Har yau sababbi fil ba su da wuyar samu a wajen dillalai. Idan ka haɗa kuɗin rajista da kamfanin, da ladan tantance kowace ƙwaya, da jigila zuwa da dawowa, da inshora, duk da kuɗin waje, za ka kashe ninkin abin da kwabon zai kawo sau da yawa.

Ka zauna ka ware su. Sulalla da fataka masu bishiyar kwakwar manja na 1913 zuwa 1919 azurfa ne. Sule ya kai kusan giram 5.6, fataka giram 11.3. Daga 1920 aka fara komawa tagulla. Ka sa gilashin ƙara girma mai ninki goma ka nemi ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antun Bamingham da suka buga, domin shekara ɗaya kan zo da mai harafi da marar harafi, farashinsu kuma ya bambanta. Sannan ka duba abin da aka sayar da irinta a gwanjo, kada ka bi kuɗin da masu talla ke sawa a intanet. In farashin bai ninka kuɗin tantancewa aƙalla sau uku ba, bar ta a gida.

Tambaya: Shi makin nan abin dogaro ne? Na ga kwandala iri ɗaya, mai 64 da mai 65, kuɗinsu ya yi nisa da juna.

Amsa: A rabe abu biyu. Wajen gane ta gaske da jabu, manyan kamfanonin nan abin dogaro ne ƙwarai, kuma suna ba da lamuni: in daga baya ta tabbata jabu ce suka rufe, suna biyan diyya bisa sharuɗɗansu. Wannan shi ne ainihin abin da kake saye, musamman a zinari da kuɗin da ba su da yawa a duniya.

Maki kuwa ra'ayin ƙwararru ne. Mutum fiye da ɗaya ke duba ƙwayar a ƙarƙashin fitila, suna juya ta, suna lura da ƙyallinta na asali, da ƙarzunan da ta samu, da yadda bugun ya fito, da kyanta a ido. Tsakanin 30 da 50 ba a cika saɓani ba, don gogewa a fili take. Amma tsakanin 64 da 65 ɗan ƙarzani ɗaya a kuncin sarki na iya raba gardama, kuma wani idon ya yafe, wani ya ƙi. Shi ya sa wasu dillalai ke fasa gidan robar su sake turawa, da fatan ƙarin maki ɗaya, kuma wani lokacin su dace. Saɓanin ya kai har a 2007 aka kafa wani kamfani mai suna CAC a Amurka, aikinsa ya sake duba kwandalar da aka riga aka rufe, ya manna ɗan koren tambari in ya gamsu ta cika makinta. A ganinmu, mai tara kuɗin tarihi don sha'awa bai kamata ya biya ninki saboda maki ɗaya a saman ma'auni ba. Ya ɗauki mai 63 da ta yi masa kyau a ido, ya riƙe sauran kuɗinsa.

Jabun gidan roba ma ya shigo kasuwa. Kafin ka biya, shigar da lambar rajistar a shafin kamfanin, in akwai hoto ka gwada shi da ƙwayar da ke gabanka, tabo da tabo. Lambar kaɗai ba ta isa ba, don masu jabu kan kwafi lambar gaske. Kamfanin da ba a san shi ba, mai raba 70 ga kowa, makinsa ba ya ƙara ko sisi.

Tambaya: Ina da dalar azurfa mai hoton Mariya Tareza ta 1780, ta yi baƙi. In wanke ta da toka da lemon tsami kafin in kai? Daga wata Hajiya a Damagaram.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki wanke. Toka da man goge ƙarfe suna barin siraran layuka da ido ba ya gani sai an karkata ta a haske, lemon tsami da tsamiya kuma suna cinye fatar ƙarfen, ta koma fari fat babu ƙyalli. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Kamfanin zai ƙi ba ta maki, ya rubuta Details a takardar tare da laifin da ya gani, farashi ya faɗi. Haka abin yake ga wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa ko adon kitso, kuma yawancin dalolin da ke gidajenmu sun bi ta hannun maƙera.

Game da 1780, shekarar rasuwar Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, aka ci gaba da buga dalar da wannan shekarar a Biyana, babban birnin Ostiriya, da Landan da Faris da Roma da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma Ostiriya na buga ta har yanzu. Saboda haka mafi yawansu kuɗin azurfarsu ne darajarsu. Kai ta wajen mai sayar da zinari ya ɗora a sikeli: ta gaske giram 28 ce da ɗan ɗigo, azurfarta kashi 83 cikin ɗari, wato kusan giram 23, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. In ta gaza da giram biyu ko uku alhali ba ta goge sosai ba, akwai alamar tambaya.

Wajen ajiya, ki riƙa kama ta ta gefe, don gumin yatsa yana barin tabo. Ki guji leda mai laushi, tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe idan zafi ya yi yawa. Ambulan ɗin takarda marar asid ko gidan roba mai tauri ya wadatar, kowace ƙwaya ita kaɗai, a wuri busasshe nesa da turaren wuta da danshin damina.